Yadda muka ratsa tsibiran Apostle da samarin Yahudawa

Kamfanin da nake yi wa aiki lokacin dogon hutu, a arewacin jihar Wisconsin ta Amurka, sana'arsa ɗaya ce: a koya wa mutane tuƙa kayak, wani siririn kwale-kwale, a kai su tsibirai su kwana a tanti, a dawo da su gida da ransu. Ni mutumin Yawuri ne, karatu ya kai ni Duluth, kuma sun ɗauke ni mataimakin jagora ne don a bakin Kwara na tashi, filafili ba baƙona ba ne. Galibin masu zuwa takarda ɗaya suke cikewa: suna, shekaru, ciwon da ke jiki, abincin da ba a ci. Wata ƙungiyar samarin Yahudawa daga Chicago kuwa, bayan wannan takardar sai ga doguwar wasiƙa daga malaminsu, wanda suke kira rabbi. Uwar ɗakina, babbar jagorar kamfanin, ta karanta ta miƙo mini. Ta ce tunda ni ma ina da abin da ba na ci da lokacin da nake tsayawa salla, ƙila na fi ta gane kan zancen.

Samari 12 ne, 'yan shekara 15 zuwa 16, da malamin, da manyan yayyensu biyu masu kula da su. Yahudawan Amurka kashi-kashi ne, akwai masu sassauci ƙwarai, amma waɗannan daga cikin masu riƙo da dokokin Attaura sau da ƙafa suke. Wasiƙar ta ce ba za su zo ba sai bayan azumin Tisha B'Av, ranar da suke makokin rushe Haikalin Ƙudus, domin a kwanaki tara na kafin ta ba sa cin nama, ba sa wanka a ruwa don nishaɗi. Wannan ya tura tafiyar zuwa Agusta. Ta ce da tukwanensu za su zo. Ta ce wutar girki ɗayansu ne zai kunna, ko da mu za mu juya abincin. Babban sharaɗin shi ne na ƙarshe: kafin faɗuwar ranar Juma'a dole kowa ya kasance a tudu, an kafa tanti, an gama girki, kuma daga nan babu wanda zai taɓa filafili sai taurari sun fito daren Asabar, domin Asabar ranar hutunsu ce ta addini da ba a aiki a cikinta.

Da wata ƙungiya ce, da mun buɗe taswira mun fara lissafi daga ranar tashi. Da wannan sai uwar ɗakina ta ɗora yatsa a kan Juma'a, ta dinga komawa baya.

Tsibiran Apostle guda 22 ne a Tafkin Superior. Gwamnatin tarayya ta mai da 21 daga cikinsu gandun da hukumar kula da gandayen ƙasa ke riƙe da shi, 20 tun 1970, ɗaya kuma a 1986; na 22, Madeline, shi ne mai gari da motoci, ba ya ciki. Tafkin kansa faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 82,000, wato ya fi Jihar Neja girma, kuma akwai inda zurfinsa ya wuce mita 400. Ruwan daɗi ne, ana sha, amma halinsa na teku ne. Ba a kwana a tsibiran sai da takardar izini, kuma takardar tana faɗin wane fili za ka kwana a wane dare. Taro irin namu, mu 17, sai filin ƙungiya, wanda aka ware wa mutum 8 zuwa 21, kuma ba kowane tsibiri ke da shi ba. Tun cikin hunturu ake kama su ta intanet. Muka samu tsibirin Sand na farkon tafiya, tsibirin Oak kuma daga Juma'a. Tsakaninsu tafiyar yini ce ga mai koyo, da ƙetare buɗaɗɗen ruwa har sau uku. Ita wannan ƙetarawar ta faɗo ranar Juma'a, ranar da ba ta karɓar jinkiri. Uwar ɗakina ba ta so haka ba, amma filayen da suka rage ke nan.

Suka iso ranar Talata da mota cike da kaya. Tukwane da cokula da wuƙaƙe kashi biyu: na nama an naɗa musu jan tef, na madara da cuku shuɗi. A dokarsu nama da nono ba sa haɗuwa, ba a baki ba, ba a tukunya ba, har soson wanke-wanke daban. Bayan cin nama sai an jira sa'o'i, su shida suke jira, kafin a sha wani abu mai madara. Duk ledar abincin da za ta shiga jirgi sai wani yaro ya juya ta ya nemi hatimin da ke nuna an halatta ta, galibi harafin U a cikin da'ira. Biskit ɗin da muke raba wa kowace ƙungiya bai da hatimin, aka mai da shi sito. Kifi kuwa malamin da kansa ya je garin Bayfield ya sayo, farin kifin tafkin, ya ce a bar masa fatar a jiki don ya ga ɓawon da idonsa. Kifin da ya halatta gare su sai mai ƙege da kamɓori, wato ɓawon nan da ake kankarewa. Na tambaye shi tarwaɗa fa? Ya ce haram. Na ce to karfasa? Da na nuna masa hotonta ya ce wannan kam a kawo. Raƙumi da zomo ma ba sa ci, amma ya ce akwai irin farar da Attaura ta halatta, Yahudawan Yaman suna ci har yanzu. Yaran suka yamutsa fuska da na ba su labarin soyayyar fara da yaji.

Ni dai namansu na ci, hankalina kwance. Yankan wuƙa ne, an ambaci Allah, an tsiyaye jini har da gishiri, kuma ayar Ma'ida a kan abincin Ma'abota Littafi ta ishe ni hujja. Wani na iya ganin akasin haka, ba zan ja da shi ba.

Akwai sabuwar tukunyar ƙarfe da suka saya a hanya, wadda ba za a yi girki a ciki ba sai an tsoma ta gaba ɗaya cikin ruwa mai tushe. Tafkin ya wadatar. Aka saka ta cikin jakar raga, wani yaro ya shiga ruwa har gwiwa, ya karanta addu'a, ya nitsar da ita, ya fito yana ihun ƙafafunsa sun mutu. Uwar ɗakina ta ce madalla, darasin farko ya koyar da kansa.

Sanyin ruwan nan shi ne ke kisa, ba zurfinsa ba. Ko a tsakiyar lokacin zafi, idan aka yi nisa da gaɓa, jiki ba ya jure shi. Muna koyar da ƙa'idar da wani masanin Jami'ar Manitoba, Gordon Giesbrecht, ya yaɗa: wanda ya faɗa ruwan sanyi yana da minti 1 ya shawo kan numfashinsa, kimanin minti 10 kafin hannuwansa su daina yi masa biyayya, da kimanin awa 1 kafin sanyi ya ɗauke hankalinsa, in har akwai abin da ke riƙe shi a saman ruwa. Saboda haka kowa sai ya sa rigar roba mai matse jiki, ya ɗora rigar kariya daga nutsewa, da usur ɗaure a kafaɗa. Sannan ga wani siket na roba da ake ɗaurawa a ƙugu, a maƙala bakinsa a bakin ramin da ake zama, don kada igiyar ruwa ta cika jirgin. Wannan siket shi ke tsorata sabon shiga, don idan jirgi ya kife kana manne a ciki, kanka a ƙasa. Ba mu barin kowa ya bar gaɓa sai ya kifar da jirginsa da gangan, ya lalubo madaurin da ke gaba, ya fizge, ya fito. Malamin ne ya fara yi, ya ɓullo yana tari, 'yar hularsa tana yawo a kan ruwa, yaran suna tafi. Bayan shi babu wanda ya yi gardama.

Duk lokacin da nake ɗaure wa yaro wannan rigar kariya sai na tuna jirgin da ya nutse a kusa da Wara a watan Mayun 2021, da mutanen da aka yi ta tsamowa kwana da kwanaki. A can jirgi ɗaya kan ɗauki ninkin abin da ya kamata, babu riga ko ɗaya. A nan yaro ba zai taka ruwan da bai kai cinya ba sai an ja igiyoyin rigarsa an tabbatar ba za ta zame ta kansa ba. Ba wai sun fi mu son 'ya'yansu ba ne. Kamfanin ya san idan yaro ɗaya ya salwanta an rufe shi ke nan, mu kuwa mai jirgi gobe zai sake lodi.

Laraba da safe muka loda jirage a Little Sand Bay. Hanyar zuwa can ta cikin ƙasar Red Cliff take bi, yankin 'yan asalin wurin, Ojibwe, wanda yarjejeniyar 1854 ta bar musu. Loda kayak sana'a ce: kaya masu nauyi a tsakiya kuma a ƙasa, marasa nauyi can cikin hanci da wutsiya, komai cikin jakar da ruwa ba ya ratsawa. Mu kuma ga ƙarin sharaɗi, jan kaya a wasu jirage, shuɗi a wasu. Yaran biyu-biyu suke a jirgi mai mazauni biyu, ni da uwar ɗakina kowa da nasa, ita a gaba ni a baya ina kora. Da muka ɗan yi nisa da gaɓa malamin ya nemi a haɗa jiragen wuri ɗaya, kowa ya riƙe na kusa da shi, ya karanta addu'ar matafiyi da Ibrananci, suka amsa da amin. Ni ma na yi tawa a zuci, bismillahi majreha wa mursaha, wadda duk ɗan bakin kogi ya sani.

Tsibirin Sand bai ba mu wuya ba. Alhamis ruwa ya kwanta lumui, muka shiga kogunan dutse na Swallow Point, inda igiyar ruwa ta daɗe tana ƙwaƙule jan dutse har ta yi ɗakuna da ginshiƙai da ƙofofin da kayak ke ratsawa. Ba a shigarsu sai ruwa na kwance, don ƙaramar igiya ma idan ta bugi bango ta dawo sai ta haɗa kan mutum da rufi. Da yamma muka taka zuwa hasumiyar fitilar da aka gina da irin wannan dutse a 1881, a arewacin tsibirin. A gaban ta ne jirgin dakon ƙarfe Sevona ya karye a guguwar Satumban 1905, mutum 7 suka mutu. Yaran suka yi tsit suna kallon ruwan da a ranar ko motsi ba ya yi.

Sau uku suke salla a yini. Ta safe ita ce doguwa, suna ɗaura wasu ƙananan akwatunan fata baƙaƙe a goshi da damtse, da tsirkiya naɗe har yatsu, suna fuskantar gabas, wajen Ƙudus. Jam'insu ba ya cika sai da maza 10 da suka kai shekara 13, shi ya sa ko mai jin barci sai an tashe shi. Ni alƙiblata daga can arewa maso gabas take, sai in ɗan matsa gefe in shimfiɗa rigar ruwan sama. Ba su taɓa tambayata me nake yi ba, illa wani ƙaramin cikinsu da ya so sanin ko kamfas ɗina zai iya nuna masa tasa.

Daren Alhamis muka kunna rediyon oba-oba muka saurari hasashen yanayi na bakin tafki. Muryar na'urar ta ce iska za ta taso daga yamma kafin azahar ɗin Juma'a, ta ƙaru da yamma, igiyar ruwa za ta kai ƙafa 2 zuwa 4. Ga gwani wannan wasa ne, ga yaran da shekaranjiya suka fara riƙe filafili kuwa ba wasa ba ne. Muka zauna mu uku a bakin akwatin abinci. Uwar ɗakina ta ce hanya biyu ce: ko mu kasance kan ruwa ƙarfe 6 na safe, ko mu zauna a Sand mu kira hukumar gandun mu roƙi a bar mu a filin da wasu suka riga suka kama. Malamin ya ce ba za a ɗaura akwatunan sallar ba sai gari ya waye har mutum na iya gane fuskar abokinsa. Na zaci nan za a yi ta ja. Sai ya ce a tashi ƙarfe 4, a naɗe tanti a loda jirage da tocila, da gari ya yi haske su yi sallar ba tare da waƙe-waƙen da suka saba ba, karin kumallo kuma a ci a tsibiri na gaba. Ya ƙara da cewa, idan an tashi ta ga ruwan bai yi mata ba, maganarta ce ta ƙarshe, don a addininsu tsare rai yana gaban Asabar. Ya ce in ta kai ga ceton rai a tsakiyar Asabar ɗin ma, shi da kansa zai fara ɗaukar rediyon, ba zai tura ni ba.

Shida da 'yan mintoci muka bar Sand. Ƙetarawar farko zuwa tsibirin York kamar a kan mai. Muka ci burodi da man gyaɗa a tsaye a kan yashi, ba wanda ya cire riga. Ta biyu zuwa tsibirin Raspberry iska ta fara taɓa ƙeya. A can akwai hasumiyar fitila mai kyau da ake zagayawa da baƙi, yaran sun sa rai da ita, amma uwar ɗakina ta ba su minti 15 kawai a kan yashin kudancin tsibirin, su yi fitsari su sha ruwa. Wani ya yi gunaguni, babban yayansu ya harare shi.

A ƙetarawa ta uku ruwan ya canza launi, fararen kawuna suka fara fitowa. Igiyar tana zuwa daga baya ta gefen dama, irin wadda ke ɗaga wutsiyar jirgi ta karkatar da hancinsa. Abin da muke faɗa musu shi ne kada filafili ya bar ruwa, don jirgin da ake tuƙawa ya fi na tsaye zama daram. Saura kaɗan mu shiga inuwar Oak sai yara biyu da ke gabana suka juya tare don kallon wata igiya, suka karkata gefe guda, jirgin ya kife. Kafin in ƙarasa duk sun fito, ɗaya na riƙe da jirgi, ɗaya da filafili, kamar yadda aka koya musu, sai dai idanu sun firfito, numfashi sama-sama. Na busa usur, sauran suka haɗe wuri ɗaya. Na ce su dube ni su yi numfashi a hankali, kada su yi komai tukuna. Muka birkice jirgin, na jera nawa a gefensa, na kwanta da ƙirjina a kansa na riƙe gam, suka hau ɗaya bayan ɗaya ta baya, rub da ciki, suka zura ƙafafu. Sai famfon hannu, suna ta zuƙe ruwa haƙora na kaɗawa. Abin bai kai minti 10 ba. Wajen ƙarfe 1 muka taka yashin Oak, aka tuɓe su aka naɗe cikin jakar barci da shayi mai zafi. Zuwa la'asar mashigin da muka ƙetare ya zama fari fat, ko jirgin inji ba mu ƙara gani ba.

Na ɗauka an gama wahala, ashe aikin yini bai fara ba. Rana za ta faɗi bayan ƙarfe 8, kyandir kuma ana kunna shi minti 18 kafin nan, kuma duk abin da mutum 15 za su buƙata na tsawon awa 25 sai an gama shi kafin wannan lokaci. Aka raba aiki. Wasu suka kafa tantuna, suka ƙara duwatsu a kan turaku saboda iska. Wasu suka zauna bakin ruwa da famfon tacewa suna cika kowace jarka da kowace gora, don gobe ba tacewa. Wani aka ba shi takardar bayan gida ya yi ta yayyagawa yana tarawa cikin leda, saboda yaga ma aiki ne. Aka dafa shinkafa da miyar wake da tsiran nama busasshe, aka sauke, aka naɗe tukwanen da tawul da jakar barci don su riƙe zafi. Aka cika filas da ruwan zafi. Aka bar fitila ɗaya a kunne a bayan gida, aka liƙe makunninta da tef.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne igiyar da suke kira eruv. A ranar Asabar ba a ɗaukar kaya daga gida zuwa fili, ko cokali ne, ko littafi, sai in an kewaye wurin ya zama kamar gida ɗaya. Kewayen ba sai da katanga ba: turaku masu tsawon kusan mita ɗaya, da zare da ya bi ta daidai saman kowanne, kamar dogaran ƙofa da abin da ke bisansu. Filafilanmu suka zama turaku, aka kafa su cikin ƙasa, aka ja zaren fatsa daga kan wannan zuwa kan wancan. Matsalar ita ce dokar gandun ta nisanta abubuwa da gangan. Akwai baƙaƙen beyar a tsibiran, suna iyo daga wannan zuwa wancan, don haka duk abin da ke da ƙamshi, har man goge baki, a cikin akwatin ƙarfe mai sakata yake kwana, nesa da tanti. Bayan gida ma can gefe yake. Dole zaren ya haɗa da su duka, in ba haka ba gobe babu mai iya ɗauko abinci. Zaren ya ƙare saura taku kaɗan, sai da na kwance igiyar jan jirgi daga ƙuguna aka ƙarasa. Malamin ya bi shi taku-taku yana leƙa saman kowane filafili, ya sa aka gyara biyu.

Sannan suka yi wanka a gurguje, suka fito da fararen riguna da suka yi tafiyar nan duka a ƙasan jaka, duk sun yamutse. Aka kunna kyandir biyu cikin gwangwani mai yashi. Wayoyinsu dama tun Little Sand Bay aka karɓe, yanzu agogon lantarki da tocila ma suka shiga jaka. Suka yi waƙa, suka yi addu'a a kan ruwan inabi marar sa maye, suka wanke hannu, suka yi shiru har aka gutsura burodi biyu aka raba. Yaran nan da tun Talata bakinsu bai huta ba.

Wutar da suka hura kafin faɗuwar rana an bar ta tana ci, amma ba mai ƙara mata itace, ba mai kashe ta. Dokar gandun kuma ta hana a kwanta a bar wuta. Ni na kashe ta, kuma malamin ya riga ya bayyana mini yadda abin yake: ba ya halatta su ce wa wanda ba Bayahude ba ya yi musu aikin da aka hana su, amma abin da na yi don aikina ne ko don dokar wurin, wannan ruwana ne. Rediyo ma a hannuna ya kwana.

Asabar ba inda aka je. Ko tafiyar ƙafa tana da iyaka, kamu 2,000 daga masauki, kimanin kilomita ɗaya. Suka yi doguwar salla, suka ci abinci mai sanyi, suka yi barci, suka yi musu a kan wani shafi na Talmud, littafin shari'ar malamansu, da ƙarfi har na zaci faɗa ne. Ƙudajen bakin tafkin masu cizon idon sawu suka samu gari. Aka samu kaska a bayan gwiwar wani, kuma saboda cutar Lyme da take ɗauke da ita a wannan yanki malamin bai tsaya wata-wata ba, ya ce a cire. Da rana ni da shi muka zauna kan wani gungume, zance ya kai mu Falasɗinu. Na faɗi abin da ke raina, ya faɗi nasa, ba mu haɗu ba, kuma ba wanda ya yi kamar mun haɗu.

Da la'asar hadari ya haɗo. Da aka yi walƙiya suka karanta wata gajeriyar addu'a, da aka yi tsawa suka karanta wata daban, sannan muka kore su daga bakin ruwa da gindin dogayen bishiyoyi. Iska ta tumɓuke rufin tanti ɗaya. Masu tantin su uku suka zo suka tsaya kusa da ni cikin ruwan sama, ba mai cewa komai. Can ɗaya ya dubi sama ya ce, kai, jakunkunan barcin nan za su jiƙe fa. Na ce lallai kuwa. Ya ce kuma dare da sanyi. Na ce sosai. Na bar su suka ɗan ƙara jiƙa, don in ga iya inda za su kai, amma ba wanda ya furta. Tantin na kamfani ne, kula da shi aikina ne, na je na mayar da rufin na buga turaku. Babban yayansu yana gefe yana dariya har da riƙe ciki.

Bayan ƙarfe 9 gari ya washe, suka tsaya suna neman taurari uku. Da aka gani aka kunna wani kyandir mai kitso, aka zagaya da kanumfari da kirfa kowa ya shinshina, aka kashe wutar cikin ruwan inabin. Kafin minti 5 an kunna murhun gas, an ɗora taliya da cuku a shuɗiyar tukunya, wasu kuma sun bi zaren suna tumɓuke filafilai.

Lahadi muka hau tudu. Oak ne mafi tsawo a tsibiran, hanyar kuma ta cikin kurmi take, kimanin kilomita 5 zuwa wani gefen dutse a arewa inda ake hango tsibirai birjik. Uwar ɗakina ta miƙa wa yaran taswira da kamfas ta koma baya ta yi shiru. Suka ɓata a wata mararraba, suka yi gardama, suka gano da kansu. Mun ga kashin beyar sabo a kan hanya, cike da 'ya'yan itace, ba mu ga mai shi ba. Litinin muka gangara kudu ta bakin gaɓa zuwa Red Cliff, muka bi ta kan gawar Fedora, jirgin katako da ya ƙone a 1901, haƙarƙarinsa na nan a ruwa marar zurfi ana gani daga kayak. Yara biyun da suka kife su suka riga kowa isa.

A gaɓa sauran aikin namu ne: wanke jirage, shanya tantuna, ƙirga riguna da usur. Su kuma suna ƙirga tukwane. Nan aka tarar da cokali mai shuɗin tef a cikin jakar jan kaya, da alamar maiƙo a jikinsa. Aka yi ta tambayar wa ya sa shi, yaushe, cikin abinci mai zafi ko mai sanyi, ba wanda ya tuna. Malamin ya ce ba za a yar ba. Za a wanke shi tas, a ajiye shi awa 24 ba a taɓa ba, sannan a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa a ɗauraye da na sanyi. Ya naɗe shi cikin leda shi kaɗai, ya rubuta rana da lokaci a jiki, ya sa a aljihun jakarsa. Uwar ɗakina ta ce in ƙara abu biyu a takardar shirin baɗi: zaren fatsa ninki biyu, kuma a nemi filin Oak tun daga daren Alhamis.